Kafin a kunna wuta a gona

Jama'a, hunturu ya shigo, ciyawa da karan dawa sun bushe ƙayau. Duk mai son ƙona shara a gonarsa, don Allah ya yi da sassafe, lokacin da gari ke da sanyi, iska kuma tana kwance. Da rana tsaka iskar gabas kan ɗauki tartsatsi ta jefa shi gonar maƙwabci. A fara kankare gefen wurin da fartanya har ƙasa ta fito fes. Mutanenmu na wajen Doguwa da dajin Falgore, ku kula sosai, wuta ta fi gudu in tana hawan tudu, domin zafinta yana busar da ciyawar sama tun kafin ta iso. Kada kowa ya tsaya a samanta. Tarin kara kuma a nisanta shi da rumbu.