Yadda ake wanke kayan salak kafin a ci

Kun yi ta tambayata yadda nake wanke latas da kabejin da nake sayowa a kasuwar 'Yankaba ta Kano. Wasu lambunan Kano da ruwan Jakara, rafin da ƙazantar gari ke kwarara cikinsa, ake ba su, kuma ƙwayoyin cuta irin su E. coli da Salmonella kan maƙale a ganye. Wasunsu ma sun daina jin maganin da aka saba ba mutane. To ga matakan:

1. A kasuwa, ki ware ledar ganye daban da ta nama.
2. Wanke hannunki da sabulu, daƙiƙa 20.
3. Yar da ganyen waje na latas da kabeji.
4. Ɓalle latas ganye-ganye. Ƙasa a gindinsa take ɓuya, can cikin lungun.
5. Wanke kowane ganye da ruwa mai tsabta, kina murzawa da yatsa.
Hattara: kada ki sa omo ko sabulu. Kuma gishiri kaɗai ba ya kashe ƙwayoyin nan, duk da cewa haka iyayenmu suka saba.
6. Jiƙa a ruwan da kika zuba ruwan khal, kamar minti 10. Yana ragewa ne, ba ya gamawa da su.
7. Ɗauraye, ki tsane a kwando.
8. Kankare karas, ki feraye kokwamba.
9. Yanka a katakon da bai taɓa ɗanyen nama ba. Nan ne yawanci ake ɓata aikin.
10. A ci cikin awa 2, ko ki sa a firij.

In gudawa ta kama wani a gida, ki haɗa masa ruwan gishiri da sukari, ku tafi asibiti. Kada a tsaya kyamis a sayi kafso ba da umarnin likita ba.