Masu ciwon gwiwa a kan keke, ku duba kilit kafin ku sayi magani

'Yan uwa masu tseren keke a Garwa, Marwa da Injamena: in feda mai maƙale takalmi kuke hawa, ku sayi kilit (ɗan ƙarfe ko robar da ake ɗaurawa a tafin takalmi don ya maƙale a feda) mai ɗan wasa, wato wanda ke barin dunduniya ta motsa hagu da dama.

A kilit samfurin Shimano SPD-SL, ruwan ɗorawa na ba da wasan digiri 6, shuɗi 2, ja kuwa babu ko kaɗan. A samfurin Look Keo kuma ja ne mai digiri 9, baƙi ne marar wasa. Kada launi ya ruɗe ku.

Dalilin sayen mai wasa: gwiwa tana ɗan murɗawa a kowane juyi. In ƙafa ta kafe wuri ɗaya, gwiwar ce ke shan wahalar.

Wajen ɗaurawa, ka zauna a kan tebur, ƙafafu na reto. Yadda yatsunka suka karkata, haka za ka saita kilit ɗin. Sandar feda ta faɗo daidai tudun babban yatsa, ko bayansa kaɗan. Matsar da kilit ɗin milimita 2 kawai, ka hau kwana biyu ka ji. In ya zauna, zagaye shi da alƙalamin maka a tafin takalmin saboda ranar da za ka canza shi.

Mai bin hanyar yashi, kilit na ƙarfe samfurin Shimano SPD mai noti biyu ya fi maka. Na roba, irin SPD-SL da Look Keo, saurin cinyewa yake.

Amma fa in sirdi ya yi ƙasa, gaban gwiwa zai yi ciwo. In ya yi sama, bayanta. Kilit ba ya gyara wannan.

Gwiwar da ta kumbura kuwa, a sauka daga keke a ga likita.