Yadda nake tafiyar da zaman gyaran labari a ajin Turanci

Shekarar da na fara koyar da ƙagaggen rubutu a sashen Turanci, labaran da ɗalibai suka kawo min a makon farko yawancinsu a Landan suke faruwa, dusar ƙanƙara na zuba, jarumar kuma sunanta Jennifer. Yaron da bai taɓa wuce Zariya ba ne ya rubuta ɗaya daga ciki. Abin ya dame ni ƙwarai, don yaran suna da basira, sai dai an sa musu a rai cewa Turanci ba ya ɗaukar rayuwarsu.

Shi ya sa a makon farko ba na karanta musu wata ƙa'ida. Kowa ya je ya zauna minti 30 a teburin mai shayi, ko tasha, ko layin famfo, ya kawo shafi ɗaya na abin da ya gani ya kuma ji. Wata ɗaliba ta kawo shafi a kan wani mai shayi yana sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, yana yi wa wani rantsuwa gobe zai biya. Na karanta wa aji, aka yi tsit.

Daga mako na uku sai zaman gyara. Nakan raba ajin shida-shida, a ba kowa kwafin labarin kwana uku kafin zama. Mai labarin ba ya cewa uffan har a gama. Wannan tsari ne da aka san shirin koyar da marubuta na Jami'ar Iowa a Amurka da shi, wanda aka kafa a 1936, dalilinsa kuwa a fili yake: ranar da labari ya fita, marubuci ba ya zaune kusa da mai karatu balle ya ce "ai abin da nake nufi shi ne".

Babban cikas a wurinmu kunya ce. In ka ƙyale su, kowa zai ce "ya yi kyau, Allah ya ƙara basira", musamman in mai labarin ya girme su ko matar aure ce. Na hana wannan jimlar. Tambaya uku kawai nake so a amsa: a wane layi ka fara gajiya, wane layi ya zauna maka, kuma me mutumin nan na cikin labari yake nema? A nuna wurin da fensir. A zagayen farko ma lamba nake sawa a madadin suna.

Kullum sai an tambaye ni, "Malam, in bar kalmar gori da Hausa ko in fassara?" Nan nake buɗe musu littafin farko na Chinua Achebe, na 1958, mu duba yadda ya bar wasu kalmomin Igbo yadda suke, jimlar da ke kewaye ta bayyana ma'anarsu. In jimlarka za ta iya haka, bar ta.

Maki kuwa, a kan tazarar da ke tsakanin zubin farko da na ƙarshe nake bayarwa. Don haka kowa ya haɗo duk zubin da ya yi, har da na hannu mai goge-goge, ya manne su wuri ɗaya kafin ya miƙo.