Makarantar Affies ta Pretoria, da abin dubawa kafin a kai yaro sakandaren Afrikaans

Wanda ya sauka Pretoria ta Afirka ta Kudu da iyali ba zai daɗe ba sai ya ji an ambaci Affies. Tana tsallaken titi daga filin wasa na Loftus Versfeld, kuma cikakken sunanta Afrikaanse Hoër Seunskool, wato sakandaren maza ta masu jin harshen Afrikaans. Ta gwamnati ce, amma tsabtarta da filayen wasanta sai ka rantse ta masu kuɗi ce. Nan ne iyayenmu sababbin zuwa kan ruɗe, su ce ai ga makaranta a kusa da gida, me za a jira?

An buɗe ta a watan Janairun 1920 da ɗalibai 44 da malamai 3, a gidan Janar Piet Joubert da ke titin Visagie. A lokacin Afrikaans bai ma zama harshen hukuma ba, sai a 1925 aka ba shi wannan matsayi. Waɗanda suka kafa ta suna neman 'ya'yansu su yi karatu da harshen uwa ne a zamanin da Ingilishi ya mamaye komai. A 1930 aka raba maza da mata, shi ya sa akwai Afrikaanse Hoër Meisieskool ta 'yan mata a kusa da ita. Wannan tarihi ne ya sa mutanen makarantar ba sa wasa da maganar harshe. A ɗaya ɓangaren kuma, baƙaƙen fata da yawa na ƙasar ba su manta da ranar 16 ga Yunin 1976 ba, ranar da ɗaliban Soweto suka fito zanga-zanga don an tilasta musu karatu da Afrikaans, 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Baƙo ya san wannan, ya kuma iya bakinsa idan gardamar ta tashi a wurin aiki. Amma kar a ɗauka harshen na fararen fata ne kaɗai. Musulmin Cape Town sun rubuta shi da ajami tun ƙarni na 19, kamar yadda kakanninmu suka rubuta Hausa.

A irin wannan makaranta komai da Afrikaans ake yi: lissafi, kimiyya, wasiƙar da ake aiko wa iyaye, taron iyaye da malamai. Sakandare a nan daga aji 8 take zuwa aji 12, inda ake rubuta jarrabawar kammalawa da ake kira matric, kuma shekarar karatu a Janairu take farawa. Yaron da ya taso a ƙasar tun firamare, kunnensa ya saba da harshen, zai iya shiga ya yi fice. Wanda aka ɗauko daga Kano ko Maraɗi yana ɗan shekara 14, ni dai ban ga dalilin jefa shi ciki ba. Akwai sassaucin da doka ta yi wa ɗalibin da ya fara karatu a ƙasar daga aji 7 ko sama, na ya rubuta harshen hukuma ɗaya maimakon biyu a matric, sai dai wannan ɗayan dole ya zama harshen da ake koyar da shi. A makarantar Afrikaans ke nan sassaucin bai raba shi da Afrikaans ba. Ga irin wannan yaro, a nemi makarantar Ingilishi, kamar Pretoria Boys High da ke nan kusa, tsohuwar abokiyar hamayyar Affies, ko makarantar da ke da azuzuwan harsunan biyu a gefe da gefe.

Kar kuma a je da niyyar cewa sai an buɗe wa yaro ajin Ingilishi. Dokar makarantu ta 1996 ta ba kwamitin gudanarwa, wanda iyaye ne suka fi yawa a ciki, ikon zaɓen harshen koyarwa. An sha zuwa kotu a kan haka, kamar shari'ar makarantar Ermelo a 2009 da ta Overvaal a 2018. Gyaran dokar da Shugaba Ramaphosa ya sa wa hannu a 2024 ya ƙara wa ma'aikatar ilimi ta lardi ƙarfi, amma wannan rigima ce ta masu gida.

Idan an yanke shawarar shiga, to a shirya wa al'adunsu. Kwat da taye dole ne, aski ma da ƙa'idarsa. Malami Meneer ne, malama Juffrou, sa'annin iyaye kuwa Oom da Tannie, kusan yadda yaranmu ke cewa kawu da gwaggo, don haka ɗan Bahaushe mai tarbiyya ba ya shan wahala ta nan. Zari-ruga shi ne sarkin wasanni. Babbar tawagar Affies ana ce mata Wit Bulle, kuma ranar Asabar ɗin da za su kara da wata babbar makaranta har tsofaffin ɗalibai sukan cika fili. Makarantar ce ta yaye Fourie du Preez a zari-ruga, da AB de Villiers da Faf du Plessis a wasan kurket. Yaron da ba ya zuwa kallo ko wasa zai daɗe bai yi abokai ba.

Taron safiya yawanci da karatun Baibul da addu'ar Kirista yake farawa. Doka ta ce halartar irin wannan ba tilas ba ce, amma sai uba ya rubuta a takarda ya nemi a ɗauke wa yaro, haka ma izinin fita sallar Juma'a, da ɗankwali ko hijabi a makarantar mata. A yi wannan magana kafin a biya kuɗi. A gargaɗi yaro kan tsiran boerewors da ake gasawa a ranakun wasa, don sau da yawa da naman alade a ciki. Wanda zai zauna a koshuis, wato ɗakin kwanan ɗalibai, sai a tambayi yadda za a yi da abincinsa da azumi.

A lardin Gauteng, inda Pretoria take, ta intanet ake neman gurbin aji 8, tun a shekarar da ta gabaci shigar, kuma kusancin gida da makaranta yana cikin abin da ake dubawa. A tanadi takardar haihuwa, fasfo da izinin zama ko na karatu, shaidar adireshi da sakamakon yaro na baya. Irin su Affies suna karɓar kuɗin makaranta mai nauyi duk da na gwamnati ne, ban da na kayan sawa da tafiye-tafiyen wasa, don haka a nemi cikakken lissafin shekara a rubuce daga ofishin kuɗi, a kuma tambayi fom ɗin neman ragi idan albashi bai kai ba.