Kurakuran da malamanmu ke yi wajen zaɓen garin zama a ƙasar waje

Makon jiya bayan isha'i, muna zaune ƙofar gida a nan Birnin Kebbi, ƙanen wani abokina da ke koyar da lissafi a sakandare ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya miƙo mini wayarsa. Takardun ɗaukar aiki ne guda biyu daga Saudiyya, ɗaya makaranta ce a Riyad, ɗaya a Abha. Ya ce, "Yaya, ni dai na yanke, Riyad za ni, albashinsu ya fi tsoka." Na ce to madalla, nawa ake ba da hayar ɗaki da falo a unguwar da makarantar take? Bai sani ba. Na ce gida za su ba ka ko kuɗin gida? Ya koma ya sake karanta takardun a hankali. Ta Abha ta rubuta cewa akwai masauki. Ta Riyad ba ta ce uffan a kan maganar ba.

Ban ga laifinsa ba, don abin da ya yi shi na yi lokacin da na tafi koyarwa Daular Larabawa, kuma na sha wuyarsa shekara guda cur. Mu malamai idan aikin waje ya samu, sunan ƙasa muke kallo da adadin da aka rubuta a takarda, sai mu buga shi da canjin naira mu ga miliyoyi. Amma wanda ya tafi, duk rayuwarsa za ta ƙare ne tsakanin ɗakin kwanansa da ajinsa da masallaci da kasuwa da asibiti, kuma gari ne ke yanke nisan da ke tsakanin waɗannan da abin da za su ci a aljihunsa.

Kuskuren da ya fi kowanne yi wa mutane illa shi ne auna albashi da naira maimakon auna shi da garin da za a kashe shi. Akwai kuɗaɗen da duk inda ka zauna a cikin ƙasar ɗaya ne. A Saudiyya, tun 2017 aka ɗora wa baƙi haraji kan iyalin da ke ƙarƙashin iƙamarsu, wato takardar izinin zama, ya fara daga riyal 100 a wata kan kowane mutum, ya hau har riyal 400. Mai mata ɗaya da yara uku ke nan riyal 1,600 duk wata kafin a sayi ko burodi. A Birtaniya, wadda ta buɗe wa malaman Najeriya na wasu darussa irin su lissafi da kimiyya ƙofar neman shaidar koyarwarta a Fabrairun 2023, kuɗin lafiya da ake biya tare da biza fam 1,035 ne a shekara ga babba, fam 776 ga yaro, kuma na duk shekarun bizar ake biya a dunƙule tun kafin a taso. Waɗannan ba ka da yadda za ka yi da su. Abin da ke hannunka shi ne haya da kuɗin mota da kuɗin makarantar yara, su kuwa daga gari zuwa gari bambancinsu kamar sama da ƙasa ne. Malamin Landan ana ba shi albashi sama da na sauran garuruwan Ingila, gaskiya ne, amma haya takan cinye ƙarin har ta taɓa uwar kuɗin, alhali wanda ke Biradfod ko wata unguwa a Bamingam yana iya ajiye abin da zai turo gida. Gyaran ba wuya: ɗauki takarda da biro, rubuta albashin a kuɗin ƙasar, cire haraji, cire hayar unguwar da za ka zauna da gaske, cire wuta da ruwa da mota da cefane. Abin da ya rage shi kaɗai za ka buga da naira. Ka yi wa kowane gari nasa lissafin daban.

Sai kuma tarkon da ke jiran wanda ya gane wannan lissafin rabi da rabi, wato gudun tsadar haya zuwa gari na kusa. Nan ne na faɗa. Makarantar da ta ɗauke ni a Dubai take, dillali ya samo mini ɗaki a Sharja, ya ce ai nan da nan ne, kuma haya ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. A taswira gaskiya ya faɗa, garuruwan biyu manne suke da juna. Abin da bai faɗa ba shi ne dubban mutane ne suka yi irin wannan dabarar, kuma duk a lokaci ɗaya suke fita. Ina sallame asuba zan ɗauki jaka in ruga tasha. Tafiyar da ba ta kai daga nan zuwa Argungu ba takan ci awa ɗaya da rabi, wata rana biyu. A cikin bas nake duba littattafan ɗalibai, na ɗora su a gwiwa, jan biro yana zamewa duk lokacin da direba ya taka birki. In dawo bayan magariba ƙafafu sun kumbura, ban da ƙarfin shirya darasin gobe, ban da ƙarfin kiran gida. Ɗalibaina ne suka fi cutuwa, don gajiyayyen malami ne ke shigo musu, abin da har yau yake damuna. A shekara ta biyu na koma ƙaramin ɗaki mai tsada kusa da makaranta, ina takawa da ƙafa, sai na ji kamar an sauke mini dutse. Don haka kada ka tambayi kowa kilomita nawa ne. Tambayi minti nawa ne da ƙarfe shida da rabi na safiyar ranar aiki. Ka buɗe taswirar Google a daidai wannan lokacin na can, za ta nuna maka cunkoson da jan layi.

Ka kuma tambayi yadda ake biyan hayar. A Dubai da Sharja an saba raba kuɗin shekara kashi ɗaya zuwa huɗu a rubuta cak, ga kuɗin ajiya ga na dillali, alhali albashinka na farko sai ƙarshen wata. Wanda bai zo da guzuri ba da bashi zai fara zaman.

Mu mutanen Kebbi da Zamfara muna da wata magana da ke yaudararmu: "Ai mun saba da rana." Mun saba, wanda ya yi Afrilu a Birnin Kebbi ko Gusau ya san zafin da ya haura digiri 40. Amma namu busasshe ne, ka shiga inuwar dalbejiya ka sami sauƙi. Na bakin teku, irin na Jidda da Dammam da Dubai, jiƙaƙƙe ne. Ranar da na fara fitowa daga ɗaki mai sanyi a watan Agusta, gilashin idona ya rufe da tururi nan take, rigata ta manne a baya kafin in kai bakin titi, inuwa kuma ba ta maganin komai. Riyad ta fi kama da namu, sai dai darenta na hunturu ya fi na gida cizo. Abha kuwa a kan duwatsu take, sama da mita 2,000, lokacin da sauran ƙasar ke ƙuna mutane can suke zuwa shan iska. Mai asma ko ciwon gaɓoɓi, ko mai ƙananan yara, ya duba wannan kafin albashi. A Ingila kuma abin da ke karya mutanenmu ba sanyin kaɗai ba ne, duhun ne. A Disamba rana na faɗuwa a Landan kafin ƙarfe huɗu na yamma, arewacin ƙasar ma ta riga haka. Ka fita cikin duhu ka dawo cikin duhu, azahar da la'asar da magariba duk su same ka a wurin aiki ko a hanya. A can Juma'a ranar karatu ce, saboda haka nisan masallaci daga makaranta ya zama abin tambaya, haka ma ko shugaban makarantar zai bar maka sarari a jadawali. A yi wannan maganar kafin sa hannu, bayan sa hannu roƙo za ta koma. Ko a ƙasar Musulmi akwai bambanci: tun Janairun 2022 makarantun Dubai rabin yini suke yi ranar Juma'a, na Sharja kuwa hutu suke gaba ɗaya.

Akwai kuskuren da ke fitowa daga kyakkyawar niyya, shi ya sa nake taka-tsantsan da shi. Duk wanda aka ce Saudiyya, zuciyarsa Makka da Madina take tafiya, kuma wa zai ƙi? Sai ka ga mutum ya karɓi aiki mai ƙaramin albashi ba gida, don kawai a ce yana kusa da Harami. Ya kamata ya san cewa zama a ƙasar ba ya ba shi damar aikin Hajji duk shekara. Mazauni ma sai da izini, kuma ƙa'idar sau ɗaya ce a shekara biyar. Umara kuwa ba sai kana cikin Makka ba. Jidda kimanin kilomita 80 ce, tun 2018 kuma akwai jirgin ƙasa mai sauri da ya haɗa Makka da Jidda da Madina. Ɗa'ifa ma kusa take, ga sanyin tsauni. Wanda hankalinsa ke kwance a wani gari, yana zuwa Umara lokacin hutu da guzurinsa a hannu, ya fi natsuwar ibada a kan wanda ke ganin hasumiya daga taga amma mai gida na buga masa ƙofa.

Kishiyar wannan shi ne mai cewa shi ba zai yi nisa ba, Nijar za shi, daga Kamba a tsallaka Gaya an isa. Kusancin gaskiya ne, amma iyaka ba ta hannunka. An rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Yamai, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris ɗin 2024. Sannan ba ko'ina Hausa ke gaba ba. A Doso da Gaya Zabarmanci da Dandanci ne harshen gari, a Yamai ana jin Hausa sosai amma takardun ofis da Faransanci za ka same su. Maraɗi da Damagaram da Ƙonni da Tawa kamar gida ne, Dogon Dutsi kuwa ɗan Kangiwa dangi zai tarar. Malamin Turanci da zai tafi da iyali, wannan bambancin shi zai nuna ko matarsa za ta iya ciniki a kasuwa ita kaɗai.

Wasu kuma ba su ne ke zaɓen garin ba, amma sai su ɗauka babban birni za a kai su. Shirin gwamnatin tarayya na tura ƙwararru ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik, wanda aka kafa a 1987, aikin shekara biyu ne, kuma inda ake buƙatarka can za a ajiye ka. An ce maka Uganda ka hango Kampala, alhali babban mazaunin Jami'ar Musulunci ta ƙasar a Mbale yake, can gabas wajen iyakar Kenya. An ce Gambiya ka hango Banjul, alhali Basse na can ƙuryar gabas, sama da kilomita 300. Ba aibu ba ne, ƙaramin gari ma yakan fi daɗin zama da sauƙin rayuwa. Ka dai nemi sunan garin tun kana Abuja, don ka san kayan da za ka ɗauka da ko iyali za su iya biyo ka.

Ranar da zan tafi, Inna ba ta tambaye ni albashi ba. Cewa ta yi, "Garin ga da za ka, akwai namu can? In ciwo ya kama ka, wa ka kai ka asibiti?" A lokacin na ɗauka maganar tsofaffi ce. Sai da zazzaɓi ya kwantar da ni kwana uku a ɗakin Sharja, ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa, na tuna da ita. Baƙo ko da ido makaho ne. Garin da akwai 'yan uwa, ko da gida biyar ne, akwai mai tarbarka a filin jirgi, mai nuna maka inda ake sayar da naman halal da garin masara, mai tsaya maka ranar suna ko ranar rashi. Wannan ba ya fitowa a takardar kwantiragi, sai an nema.

Haka ma hanyar komawa gida. Daga Jidda jirgi ɗaya ne zuwa Kano. Daga ƙaramin gari sai ka yi canji biyu, sannan ka kamo hanyar Gusau ko Sakkwato a mota. Idan aka bugo maka waya cewa jikin tsoho ya tsananta, kwana nawa za ka yi kafin ka iso? Hanyar ma tana iya toshewa: jiragen Emirates sun daina zuwa Najeriya daga ƙarshen 2022 har Oktoban 2024. Waɗanda yaƙin Sudan ya rutsa da su a Kartum a Afrilun 2023, da motocin bas aka kwashe su zuwa iyakar Masar, wasu suka yi kwanaki a can cikin sahara kafin a bar su su wuce. Ka san inda ofishin jakadancinmu yake, a Saudiyya akwai a Riyad akwai ƙarami a Jidda, ka kai sunanka can da zarar ka sauka. Fasfonka kuma ya kwana a hannunka. Dokar Saudiyya da ta Daular Larabawa duk ba su ba mai aiki damar riƙe shi ba, ko da an ce maka ajiya ce.

Abin da na sa yaron nan ya yi a daren shi ne ya rubuta wa makarantun biyu saƙo iri ɗaya: sunan unguwar da makarantar take, gida ne ko kuɗin gida kuma nawa, akwai motar malamai ko babu, ana yi wa 'ya'yan malamai rangwamen kuɗin makaranta, wa ke biyan iƙama da tikitin hutu, sannan su ba shi lambar wani malami baƙo da ke aiki da su yanzu don ya ji daga bakinsa. Ya ce, "Yaya, ba za su ga na cika tambaya ba?" Na ce makarantar da ke son ka zauna da ita za ta amsa. Shekaranjiya ya dawo ya ce ta Abha ta turo masa hoton masaukin da lambar wani malami ɗan Sudan, sun yi kusan awa suna magana, har ya gaya masa ya taho da rigar sanyi mai kauri. Ta Riyad ta amsa tambaya biyu ta bar huɗu, ya sake tura musu yana jira.