Yaye da Gyaran Barcin Yaro Alhali Uwa Tana da Ciki

A gidaje da yawa na Tawa da ƙauyukan Adar a Jamhuriyar Nijar, ranar da aka gane mai goyo ta samu ciki ita ce ranar da ake raba yaro da nono. Da safe ya sha, kafin magariba an ɗaure ƴan kayansa an kai shi wurin kaka. Hujjar da ake bayarwa sananniya ce: an yi rurrutsa, nono ya ɓaci, idan yaro ya ci gaba da sha zai yi ta zawo har ya lalace. Gaskiya ne ana ganin yara suna ramewa a irin wannan lokaci, amma ciki ba ya mai da nono guba. Abin da ke kayar da yaron shi ne a yini ɗaya ya rasa abincin da ya fi dogaro da shi, ya rasa uwarsa, ya rasa wurin kwanan da ya saba, sannan a miƙa masa hura mai ruwa-ruwa a ce ta maye gurbin duka ukun. Saboda haka aikin yana da tsari: a fara da abinci, a bi da shan rana, a zo ga na dare da wurin kwana, kowanne da lokacinsa, kuma a gama tun haihuwa tana da sauran tazara.

Kafin a taɓa komai, uwa ta je awon ciki a asibitin unguwarsu, ta faɗa wa ma'aikaciyar lafiya a fili cewa tana shayarwa. Ga mai ciki lafiyayye shayarwa ba ta da haɗari, amma akwai waɗanda za a iya ba su shawarar tsayawa da wuri, kamar wadda take ganin jini, ko mai ciwon mara mai tsanani, ko wadda ta taɓa haihuwar bakwaini ko ta sha yin ɓari, ko mai cikin tagwaye, ko wadda jikinta yake zubewa. A wurin awon ne kuma za ta karɓi ƙwayoyin ƙarin jini da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, wanda ake fara ba mai ciki bayan wata uku na farko sun wuce. Mace mai ciki mai shayarwa tana ciyar da mutum uku ne, don haka ƙarin abinci a kwanonta wajibi ne a kan maigida, ba alfarma ba.

Shekarun yaron su ne ke nuna saurin da za a yi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar nono zalla har wata 6, sannan nono tare da abinci har shekara 2 ko fiye, kuma aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga wanda yake son cika shayarwa, ta kuma halatta yaye kafin haka idan iyaye biyu sun yi shawara sun yarda. Yaron da bai kai shekara ba, ra'ayina shi ne kada a yi maganar yaye sam sai da umarnin asibiti, domin babu abin da ke cikin rumbu da zai tsaya masa a matsayin nono. Wanda ya haura shekara ɗaya da rabi kuwa, yana cin abinci yana tafiya, ana iya yaye shi cikin natsuwa. Ya kamata a san cewa wajen wata na huɗu ko na biyar na ciki ruwan nono yakan ragu kuma ɗanɗanonsa ya canza, har wasu yaran su bar shi da kansu. Wannan ma dalili ne na fara gyara abinci da wuri.

A nan ne ya kamata a fi daɗewa, domin ko a shekara ta biyu nono yana ba yaro kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da jikinsa yake bukata, kuma wannan kason ne za a cike. Cikin yaro ƙarami ne, abin da yake ɗauka a zama ɗaya bai wuce kofi guda na mililita 250 ba, saboda haka idan aka cika shi da ruwa an cuce shi. A dama kunun gero ko na dawa da kauri, yadda idan aka ɗebo a cokali aka karkata shi ba zai kwarara ba sai dai ya faɗo a dunƙule. A zuba garin ƙuli-ƙuli ko niƙaƙƙiyar gujiya, ko garin soyayyen wake, da ƙaramin cokali na mai, da ɗan garin zogale ko na kuka. Wata rana a dafa ƙwai a farfasa masa, wata rana ƴar hanta ko dakakken busasshen kifi a miya, sannan mangwaro, gwanda ko kabewa idan lokacinsu ne. Yaro mai wata 12 zuwa 23 yana bukatar cin abinci sau 3 zuwa 4 a yini da ɗan abin taɓawa sau 1 ko 2 a tsakani, idan kuma an yaye shi sai a ƙara masa kofi 1 ko 2 na madarar da aka tafasa. A ba shi a kofi, domin kwalbar shayarwa tana da wuyar wankewa kuma tana jawo zawo.

Abu biyu ake yawan sakaci da su. Na farko, yaro ya samu kwanonsa shi kaɗai, wani babba ya zauna kusa da shi har ya gama, domin idan aka haɗa shi da yayyensa a kwano ɗaya kafin ya kai loma uku bakinsa sun sharce tuwon. Na biyu, a daina ba shi shayi, ko da saura ne a ƙasan kofin babansa, domin yana hana jiki cin moriyar sinadarin ƙarin jini da ke cikin abinci, kuma yana hana barci. Sai an ga yaro ya kama wannan cin sosai na tsawon mako biyu ko uku kafin a fara rage nono.

Rage shan rana ba shi da wuya. A cire sha ɗaya, wanda yaro bai fi damuwa da shi ba, galibi na hantsi, a sa abinci ko wasa a wurinsa, a jira kwana uku zuwa mako guda kafin a cire na gaba. Uwa ta daina miƙa nono da kanta, ta guji zama a wurin da ta saba shayar da shi, ta sa rigar da hannunsa ba zai shiga cikin sauƙi ba. Shafa barkono ko maɗaci a kan nono yana aiki da sauri, amma yana iya ƙona bakin yaro da idonsa, kuma fatar nonon mai ciki da ma tana da zafin taɓawa. Idan nono ya cika ya yi tauri, ta tatse kaɗan don ta samu sauƙi kawai, ta ɗora tsumma mai sanyi. Idan kuwa ya yi ja ya haɗu da zazzaɓi, asibiti za ta je. Ba a fara rage nono ga yaro mai zawo ko zazzaɓi ko wanda ya tashi daga ciwo. Idan lissafin watanni ya ba da dama, a kauce wa tsananin zafin Afrilu da Mayu, da kuma tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sauro ya yi yawa.

Shan dare shi ne na ƙarshe, kuma shi ne ya haɗe da barci. Yaro mai shekara 1 zuwa 2 yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a kowace rana idan an haɗa da na rana. Farkawa cikin dare ba cuta ba ce, manya ma suna yi; matsalar ita ce yaron da bai taɓa yin barci ba sai da nono a baki, duk sa'ad da ya farka shi zai nema. Maganin shi ne a raba shan da barcin. Bayan magariba ya ci abinci, a yi masa wanka, ya sha nono yana zaune idonsa biyu, sannan bayan isha'i a kwantar da shi a yi masa addu'a ko ƴar tatsuniya, ana ɗan bubbuga bayansa. A riƙe wannan jeri kowane dare ba canji. Barcin rana ya kasance bayan azahar, kada ya zarce la'asar, kuma a karɓe wayar da yake kallo tun awa guda kafin kwanciya.

Galibin gidajenmu ɗaki ɗaya ake kwana, a lokacin zafi kuma a tsakar gida, don haka babu bukatar a ware wa yaro ɗaki. Ƙaramar katifa ko tabarma kusa da ta uwarsa ta isa, muddin tana cikin gidan sauro da aka cusa gefunansa da kyau. A darare na farko mai kwantar da shi ya kwanta a gefensa da hannu a bayansa, bayan ƴan kwanaki ya koma zama kusa ba tare da taɓawa ba, daga nan ya matsa bakin ƙofa. Idan ya farka da dare a miƙa masa ruwa a kofi, a ce masa da murya ƙasa-ƙasa, "Dare ne, nono ya yi barci, kwanta." Zai yi kuka, kuma kukan yakan ƙaru a darare biyu ko uku na farko kafin ya sauka. Wanda ya jure rabin awa sannan ya ba da nono ya koya wa yaro cewa dogon kuka yana biya. Wannan aikin ya fi dacewa da uba, domin yaro ba ya jin warin nono a jikinsa, kuma mai ciki tana bukatar barcin fiye da kowa a gidan.

Kada a sayi maganin sa barci wurin masu tallan magani a faranti ko a kan keke. Wasu daga cikin ruwan maganin mura da ƙaiƙayi da ake ɗura wa yara don su yi shiru suna iya danne numfashin wanda bai kai shekara 2 ba. Haka kuma kukan da ya zo da zafin jiki, ko jan kunne, ko amai, ko saurin numfashi, ba rigima ba ce. A ɗauke shi, a dakatar da horon, a kai shi a duba.

Goyo a baya ma sai an rage shi yayin da ciki yake girma. Uwa ta riƙa durƙusawa ta rungume shi ko ta zaunar da shi a gefenta, goyon kuma a bar wa yayarsa ko gwaggonsa.

Maganar kaka tana bukatar dabara, domin ita ma don tausayi take neman a kawo mata yaron, kuma taimakonta ba abin yarwa ba ne. Abin da ya fi shi ne ita ta zo gidan ta yi ƴan kwanaki, yaro ya saba kwana a jikinta alhali yana ganin uwarsa da safe. Idan dole sai an kai shi, ya fara da yini yana dawowa kwana, a kuma tafi da kwanonsa da garin kununsa da gidan sauronsa. Idan uwar miji ce, ɗanta ne ya kamata ya yi maganar, ba surukar ba. Yana iya cewa, "Inna, a asibiti sun ce a janye shi sannu a hankali. Muna roƙon ki zo ki taya mu, don ya fi jin maganarki."

A yi ƙoƙari duk wannan ya kammala saura wata biyu ko uku a haihu, don kada yaro ya ɗauka jaririn ne ya ƙwace masa nono da shimfiɗa. Idan lokaci ya ƙure ba a gama ba, babu laifi a shayar da su biyun, amma jariri ne farko a kowane sha, musamman a kwanakin dakashi. Tun kafin naƙuda a tsai da wanda zai riƙa ba babban abinci cikin kwana arba'in na jego, domin a hidimar suna da baƙi shi ake mantawa. Idan ya koma neman nono ko farkawar dare bayan haihuwar, a ci gaba da jerin da ya saba, yakan wuce cikin ƴan makonni.

A tsawon watannin nan a riƙa kai shi awon nauyi, a kuma nemi ma'aikatan lafiya su koya wa uwa auna damtsensa na hagu da igiyar awo mai launi uku: ja, ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani da ke bukatar asibiti a ranar, rawaya, daga 115 zuwa ƙasa da 125, gargaɗi ne, kore lafiya. Kumburin ƙafafu biyu ma alamar gaggawa ce ko da igiyar ta nuna kore. Idan zawo ya zo, a ba shi ruwan gishiri da sukari na asibiti tare da ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14, kuma kada a tsai da abinci. Tun 2006 dokar Nijar ta ɗauke kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5 da kuɗin awon ciki a asibitocin gwamnati, ko da yake wani lokaci maganin yakan yanke sai an saya a waje, don haka a riƙe ɗan kuɗi a hannu. Da damina kuma, idan masu rabon maganin kariya daga zazzaɓin sauro na yara ƴan wata 3 zuwa 59 suka shigo unguwa, a tabbatar ya sha na ranar farko a gabansu, sannan a ba shi na kwana biyun da suka rage a gida, kowane wata har rabon ya ƙare.