Darasi na 9: Ƙara furen hof a ganga bayan gas ya shiga

Hof wata shuka ce mai yaɗo, tana bin igiya ta hau sama har mita shida ko fiye. Ba ta yi a ƙasarmu, don tana son dogon yini lokacin girma, da sanyi mai tsanani lokacin hutu. Manyan gonakinta suna yankin Hallertau a kudancin Jamus, da kwarin Yakima a jihar Washington ta Amurka, da Kent a Ingila. Shukar tana da namiji da mace, kuma furen macen ake tsinka. Idan aka ɓare shi, za a ga wani gari rawaya mai danƙo, kuma a nan ɗaci da ƙamshi suke. Masu dafa burukutu da dawa ba ruwansu da hof. A giyar sha'ir ne aka saba sa shi, har dokar Bavaria ta 1516 ta ce kada a sa komai a giya sai ruwa da sha'ir da hof.

Giya haramun ce ga Musulmi, wannan kowa ya sani. Mun kawo darasin ne don karatu da awo, kuma wannan hanya ake bi wajen yin ruwan hof, abin sha mai gas wanda babu maye a cikinsa.

A Ingila an soke neman lasisin yin giya a gida a 1963. A Amurka shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a irin wannan doka a 1978. Masu wannan aiki da yawa ba sa ɗurawa a kwalba, suna zubawa a gangar ƙarfe mai cin lita 19, wadda asalinta ta kamfanonin lemo ce. Tana da murfi mai roba, da ƙaramin zobe na sakin iska, da siririn bututu da ya sauka har ƙasa, ta inda abin sha ke fitowa.

Hof da aka tafasa yana ba da ɗaci, amma ƙamshinsa yakan bi tururi ya tafi. Wanda aka jiƙa cikin sanyi kuwa ƙamshi yake bayarwa, ɗacin kaɗan ne. Shi ya sa mutum zai ɗanɗana abin da ya haɗa, ya ji lami, ya ce bari in ƙara. To, amma gas, wato iskar da ke sa abin sha kumfa wadda ake turawa cikin gangar daga tulun gas, ya riga ya shiga, kuma a nan aikin yake da wuya.

Ku gwada wannan a waje: ku buɗe kwalbar lemo mai ɗumi, ku zuba cokalin sukari. Nan take kumfa zai taso ya malale. Haka gangar take yi. Yawancin hof da ake sayarwa an niƙa shi an cura shi ƙanana-ƙanana, kuma da curin ya jiƙe sai ya wargaje, kowane ɓarɓashi ya zama wurin da gas zai taru ya tsere. Wanda ya watsa shi tsirara a ganga mai ɗumi, goge daɓe zai wuni yana yi.

Maganin abin sanyi ne da hanzari. A bar gangar ta kwana a firiji, domin ruwa mai sanyi ya fi riƙe gas. A tafasa 'yar jaka mai raga da zare marar ƙamshi don kashe ƙwayoyin cuta. A auna hof, giram 28 zuwa 56 ya ishi ganga ɗaya. Kada a cika jakar dam, saboda hof yana kumbura, kuma ruwa ba ya ratsa jakar da ta cushe. A jefa ƙwallayen gilashi biyu ko uku a ciki don ta nitse. Duk wannan a gama shi kafin a taɓa murfi.

Sai a rufe gas, a ja zoben a hankali har hucin ya tsaya. Kada a kuskura a buɗe murfi da sauran iska a ciki. A ɗaga, a saki jakar, a bar bakin zaren a waje, a mayar da murfi ba tare da tsayawa kallo ba. Amfanin zaren shi ne ya rataye jakar a tsakiya, don in ta kwanta a ƙasa tana iya toshe bakin bututu.

Saura abu ɗaya da gaggawa ke sa a manta. Iskar waje ta shiga lokacin buɗewa, kuma oksijin da ke cikinta yana kashe ƙamshin da ake nema, har ya kawo ɗanɗanon tsohon kwali. Don haka a buɗe gas, a ja zobe, a sake, a maimaita sau huɗu ko biyar. A ganina wanda ya tsallake wannan ya yi asarar kuɗin hof ɗinsa.

Bayan kwana biyu ko uku a fara ɗanɗanawa. Kofin farko yakan fito da gurɓi kore, a zubar. Wasu sukan cire jakar in ƙamshi ya yi, don gudun warin ciyawa, wasu kuma su bar ta har gangar ta ƙare. Ko wanne aka zaɓa, kada a fitar da gangar daga firiji: hof na iya warware sauran sukarin da ke ciki, kuma in ɗumi ya samu, yis, wato ƙwayar da ke cin sukari tana fitar da gas, ya farka ya ci, gas ya ƙaru fiye da yadda ake so.

Aiki: An sa giram 38 na hof a ganga mai lita 19. Giram nawa ke nan a kowace lita? Idan gangar mai lita 10 ce, giram nawa za a auna? Ku rubuta amsar da lamba, sannan da kalmomi.